Koriyar Wayar Gidan Hajiya Yaya

Akuyar gyatumata aka sayar na yi kuɗin mota. Ba ma wata babba ba ce, 'yar ramammiya ce mai tari, amma ta kai ni Kano har na sami rarar da na sayi silifa a tasha. Kai Habu, ja tabarmar nan zuwa inuwa, bayana ba ya son rana yanzu. Tunda kun ce da an gama girbi ku ma birni za ku, to ku zauna ku ji.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ke nan, farar hula suka karɓa. Ko'ina ka duba fosta ce, kowa ya zama ɗan siyasa, kuma duk wanda ya sami ɗan abin hannu janareta yake fara saye. Wani ɗan garinmu ya kai ni wurin Malam Tanko mai aikin wuta, shagonsa na wajen Ƙofar Nassarawa. A shagon nake kwana, kan kwalayen waya, ɓeraye na bi ta kaina. Ranar farko ya ce in miƙo masa canji-oba, wato akwatin da ake juya gida daga wutar gwamnati zuwa ta janareta. Na ce, "Canja uba?" Wallahi har na bar garin nan sunan da 'yan layin suke kirana da shi ke nan.

Mutumin faɗa ne Malam Tanko, amma ya san aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya koya min cewa waya uku ce. Ja tana kawo wuta, baƙa tana mayar da ita, koriya kuwa zaune take ba ta komai sai ranar masifa. Duk wani ƙarfe a gida, firiza ne, injin ruwa ne, jikin janareta ne, koriyarsu wuri ɗaya take haɗuwa, ta gangara zuwa sandar tagulla da aka kafa a ƙasa mai laima, an zuba mata gawayi da gishiri. In wuta ta ɓalle ta shiga jikin ƙarfe, ta nan take bi ta shige ƙasa. In babu hanyar, sai ta tsaya tana jiran hannun mutum. Ya ce ko ta gwamnati ce ko ta inji, dole ƙasa ɗaya su sauka.

Rani ya wuce ban dawo noma ba, na zarce shekara ta biyu. Kwaɗayi ne, ba sai kun tambaya ba.

To akwai wani tsohon gida a cikin lungun Ƙofar Na'isa da muke yi wa aiki. Maigidan ya rasu, an raba gado, 'ya'yansa maza biyu suka ja katanga a tsakar gida. Babban, Malam Babba, karatun littattafai yake bayarwa a soro. Ƙanen ya ci kansila a zaɓen nan, ya sayi janareta da injin tura ruwa, ya shimfiɗe ɓangarensa da tayil. Ba sa ga-maciji. Uwarsu, Hajiya Yaya, ta ƙi bin kowa, ta zauna a ɗakinta na tsakiya da ɗan famfonta a ƙofa. Tsohuwar nan, Allah ya saka mata. Ba ta taɓa ganina ba ta miƙo min wani abu ba, ko ɗumame ko fura. Ta ce, "Ɗan ƙauye, ci, birnin nan ba ya ciyar da baƙo."

Aka kira mu mu raba musu wayoyi, kowa da mitarsa. Muka raba ja, muka raba baƙa. Saura koriya, don sandar tagullar a ɓangaren Malam Babba take, bayan makewayi inda ƙasa ba ta bushewa. Sai ga shi ya fito da littafi a hannu.

"Wannan da ta ratso katanga, ta wace ce?"

Na ce, "Ta gidan duka ce, Malam. Ita ba a raba ta."

"Wato wutar injinsa in ta lalace, a ƙasata take sauka?"

"Haka ne, amma..."

"Injin da ban san da wane kuɗi aka saya ba? A ƙasar da nake sallah? Yanke ta."

Na yanke. Na ce ba komai, sai mu kafa wa Kansila tasa sandar. Muka zaga ɓangarensa, babu ko tafin hannu na ƙasa, tayil ne har bakin rariya. Da Kansila ya ji za a fasa sai ya taso, babbar riga na jan ƙasa.

"Daga Ikko aka kawo min tayil ɗin nan. Ka fasa ɗaya ka ga yadda ake fasa kai!"

Malam Tanko ya duba agogo, muna da wani aikin a Ɗan Agundi. Ya ce, "Ɗaura ta a bututun ruwa mu tafi."

Na ja shi gefe na ce, "Maigida, bututun nan a sama ne kawai ƙarfe. Na cikin ƙasa roba ce, da ni aka canja shi bara. Wuta ba za ta sami wurin sauka ba. Kuma shi ne ya miƙe har famfon Hajiya."

"Kai ne maigidan ko ni?"

"Kai ne."

"To mutum goma na tasha suna jiran filayar da ke hannunka."

Yara, na ɗaura. Ba wanda ya riƙe min hannu. Hajiya Yaya na zaune a kan kujerarta tana tsinkar zogale, ta ce, "Ɗan ƙauye, lafiya kake gumi haka?" Na ce zafi ne, Hajiya. Na ce a raina gobe zan dawo in gaya mata kada ta taɓa famfon in inji na aiki. Gobe ta zama jibi. Wata biyu ina wuce bakin lungun nan ina sauri.

Ruwan farkon damina ne ya shiga injin tura ruwan. Washegari wajen la'asar babu wuta, aka tayar da janareta, tsohuwa ta fito alwala ba takalmi, ƙasa a jiƙe. Ta kama famfo, famfo ya kama ta. Matar Kansila ce ta gani ta ruga ta kashe injin. Da ta tsaya neman wanda zai kashe, da gawa za a ɗauka.

Ta rayu, amma yatsu uku na hannun damanta suka ƙanƙance, ba su sake miƙewa ba. Na je asibiti na tarar da 'ya'yanta a baranda, wannan na cewa injinka ne, wancan na cewa kai ka sa a yanke. Ba wanda ya ko kalle ni. Malam Tanko ya raɗa min cewa ƙaddara ce, kuma in ina son zaman garin nan in kama bakina.

Da safe na ɗauki guduma na tafi ni kaɗai. Na huda katangar, na fasa tayil huɗu, na ja sabuwar koriya mai kauri daga janareta da injin ruwa da famfon, na kai su duka kan sandar nan guda. Kansila ya matsa gefe ya ba ni wuri. Malam Babba da kansa ya kawo gishirin a kwano. Aikin bai kai awa biyu ba, abin da ya fi ci min rai ke nan har yau.

Da aka sallamo ta na shiga gaishe ta. Tana cin tuwo da hagu, yana zube mata a zane. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ni na ɗaura wayar nan, kuma na san abin da za ta iya yi."

Ta ce, "Ai na gan ka ranar, kana ta gumi. Na ɗauka yunwa ce, har na sa a dama maka fura." Ta ajiye lomar. "Na yafe maka, Sule. Amma da ka gaya min. Taku biyar ne tsakaninmu."

Ranar ce kaɗai ta kira ni da sunana. A satin na mayar wa Malam Tanko filayarsa na hau motar gida.

Kun sha tambayata me ya sa mutumin da ya iya aikin wuta yake fama da fartanya, ko ƙwan fitilar masallaci ba ya canjawa. To kun ji. Ku tafi, ban hana ku ba. Za ku sami maigidan da zai ce ku yi abin da kuka san ba daidai ba ne, kuma wataƙila ku yi, don ciki ba ya jira. Amma wanda abin zai faɗa wa, in yana kusa, ku buɗe baki ku gaya masa. Ni shekara ashirin da wani abu ke nan, duk alwalar da zan yi, in na zo wanke hannun dama sai na tsaya.