Tauraro a Cikin Jinjirin Wata

A ɗakin jiran jirgi, wani dattijo ya nuna wa na kusa da shi zanen sararin samaniya a bango.

"Malam, dubi shirme. Tauraro a tsakiyar jinjirin wata! Ai duhun nan jikin watan ne, ba rami ba. Wai har da masaniyar taurari aka yi aikin, ga sunanta a ƙasa."

Mutumin ya tura hannunsa mai ɗigon fenti cikin aljihu.

"Ba laifinta ba ne, Baba. Sau uku tana hana mai zanen. Bayan tafiyarta ya ɗiga shi, wai ya fi kyau."

"Au, ka san shi?"

"Na san shi, Baba. Gobe zai zo da baƙin fenti."