Kuskurena a Kan Furen Dutsen Sarpoluk

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban taro, dagacin ƙauyenmu na Sarpoluk, Muhtar Şevket. Mai girma wakilin gunduma. Limaminmu Malam Ramiz. Dattawan unguwar sama da na unguwar ƙasa. Iyayena mata da suka kwana biyu suna murza gurasa saboda wannan rana. 'Yan'uwa da suka taso daga birane don bikin hawa da garkuna mashekarin bazara, makiyayarmu ta kan tsauni. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Nurten, 'yar marigayi Hilmi mai zuma, malamar ilimin tsirrai a jami'a. Na gode da kuka gayyace ni, na gode da allon yabo da kuka sa aka rubuta sunana a kai. Sai dai ina roƙon Muhtar ya riƙe allon a hannunsa, har ku ji abin da ya kawo ni.

Magana ta farko duk kun san ta. Shekara huɗu da suka wuce aka shirya janyo ruwan marmaron bayan dutse zuwa gonakin tuffa na unguwar ƙasa. Dole bututun ya ratsa bakin dutsen nan da kuke hange. Hukuma ta turo ni in duba tsirran wurin kafin a fasa dutsen. Na zo a watan Mayu, na yi kwana uku, na tarar da ɗan farin furen nan dangin lansir, mai tsirowa a tsagin dutse. Na rubuta cewa irin nan ne mai wuyar samu, wanda doka ta hana a taɓa. Na sa hannu, aka tsayar da aiki.

Ranar da zan tafi, Kawu Durmuş mai gonar tuffa a unguwar ƙasa ya tare ni a gaban shagon shayi, ya ce, "Ke 'yar Hilmi, wannan ciyawar da awakina ke takawa tun kafin a haife ki, ita ce yau ta fi itatuwana daraja?" Na ce, "Kawu, kama suka yi, ba ita ba ce." Ya ce, "To, ke kika yi karatu. Mu dai ido biyu kawai aka ba mu."

Magana ta biyu, ku yi haƙuri da ni, domin sai kun san yadda ake rarrabe su za ku gane girman laifina. Iri biyu ne: na gama-gari da mai wuyar samu. Furensu ɗaya, tsayinsu ɗaya, lokacin tohonsu ɗaya. Da abu biyu ake gane su. Akwai gashin ganye, wanda sai da madubin ƙara girma ake gani: na gama-garin rassa biyu gare shi ko uku, na mai wuyar samun kuwa ya bazu kamar tauraro. Amma gashi yana yaudara, domin tsiron da ya sha rana da ƙishi yakan ƙara rassa. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce kwasfar iri idan ta nuna a watan Yuli. Ta gama-garin takan miƙe tsaye, ta manne wa kara. Ta ɗayan takan buɗe, ta sunkuya ƙasa.

A watan Mayu babu kwasfa. Na san haka. Kowace shekara ina gaya wa ɗalibaina kada su raɗa wa wannan dangi suna sai kwasfa ta nuna. Amma na ga gashi mai rassa biyar, na so a ce a dutsen garinmu aka same shi, na so a ce ni na same shi. Ban jira ba.

Magana ta uku ita ta fi nauyi. Bara a watan Yuli na zo jana'izar gwaggona. Bayan an watse, na hau bakin dutsen ni kaɗai don in huta. Na sunkuya, na ga kwasfa. Tsaye take. Na duba na biyu, na duba na goma, na bi dutsen da rarrafe har gwiwoyina suka fashe, ina neman ƙwaya ɗaya da ta sunkuya. Babu. Daga inda nake ina hango gonakin unguwar ƙasa, rabinsu sun koma launin toka.

Jama'a, na sani tun ranar. Na sauko, na sha shayinku, na karɓi gaisuwarku, na koma birni na yi shiru wata goma sha ɗaya. An ƙara mini girma saboda wannan fure, an buga sunana a takardu, na ji tsoron dariyar abokan aiki. Kuskuren farko gaggawa ce. Shirun nan kuwa zaɓi ne, kuma a cikinsa gida uku suka ƙara rufe ƙofa suka bar garin nan.

Makon jiya na rubuta wa hukuma da jami'a cewa na janye rahotona. Na haɗa da kwasfar da na tsinko bara, wasu masana biyu sun duba sun tabbatar. Takardar tana hannun wakilin gunduma. Ta fuskar wannan tsiro, babu sauran abin da ya hana bututu wucewa. Abin da jami'a za ta yi da ni, nata ne, ba zan yi gardama ba.

Roƙona guda ne. Kada laifina ya shafi furen. Na gaskiyar yana nan a wasu tsaunuka, kuma ya cancanci a kare shi. Idan gobe wani masani ya zo ya ce ku dakata, ku saurare shi, amma ku tambaye shi wane wata ya duba, ku ce ya nuna muku da idonku. Haƙƙinku ne.

Jiya da hantsi na je wurin Kawu Durmuş, domin bai kamata ya fara ji a bainar jama'a ba. Na same shi yana jera itacen hunturu, kuma itacen nan tuffarsa ce da mahaifinsa ya dasa. Na faɗa masa komai. Ya ɗora itacen da ke hannunsa a kan jerin. Sannan ya ce, "Kin ci abinci?" Na ce, "Kawu, ka ji abin da na ce kuwa?" Ya ce, "Na ji, ban kurumce ba. Nawa sun riga sun zama wuta, 'yata. Yafiya kuma ki ba ni lokaci, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na Zekiye gwauruwa da na 'ya'yan Cemil har yanzu da sauran rai. Me kike yi a tsakar gidana? Je ki faɗa inda za a ji."

Shi ya sa na tsaya a gabanku.

Allah Ya kawo ruwan nan kafin sauran itatuwa su mutu. Allah Ya dawo mana da waɗanda suka tafi. Allah Ya kai garkunanku mashekari lafiya, Ya sauko da su lafiya. Allah Ya ba masu ilimi haƙurin jira, Ya ba su ƙarfin faɗin gaskiya da wuri. Wanda ya iya yafe mini, Allah Ya saka masa. Wanda bai iya ba tukuna, ba ni da bakin ganin laifinsa.

Na gode.