Kamfanin da Ke Zaune a Kan Benci

A ɗakin jiran likitan haƙori, mai kula da sabar wata makaranta, wato babbar kwamfutar da ke adana bayananta, ya kasa haƙuri, ya leƙa kwamfutar matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, ke ma 'yar sana'a ce? Ni kam na shiga uku. An gano ɓaraka a manhajar kyautar da sabarmu ke amfani da ita, sakamakon ɗalibai duk a buɗe. Kwana uku kamfanin da ya yi manhajar ya ƙi toshewa!"

Ta karanta sunan manhajar a wayarsa, ta yi dariya.

"Malam, wane kamfani? Ni kaɗai ce na rubuta ta. Yanzun nan na saki gyaran, sauke."

Ya duba, ya washe baki.

"Ranki ya daɗe, riga ni ganin likita, kar kamfani ya kwanta!"