Ranar da Bawa Ya Shiga Gaban Garma

BASHARU: Salamu alaikum. Wa ke magana?

MALAM NAMADI: Wa alaikumus salam. Basharu? Yayanka ne, daga gidan waya na Gwandu.

BASHARU: Yaya! Ina wuni? Ɗan ɗaga murya, wayar ofishin nan sai ƙara take.

MALAM NAMADI: Lafiya lau. Ya mutanen Kalgo? Ya ruwa?

BASHARU: Ruwa ya yi gyara. Ya ƙafar taka?

MALAM NAMADI: Da sauƙi. Ya Rahmatu da goyonta?

BASHARU: Goyon da ke makaranta yanzu? Yaya, bar wannan. Ya gonar gyaɗa? Na ji ɗanka Adamu ya sallami 'yan gayya saboda garmar shanu, bijiman kuma sun ƙi tafiya.

MALAM NAMADI: Kwana huɗu. Da an ɗora musu karkiya sai su kwanta. Laima na wucewa, maƙwabta sun gama huɗa, tamu ko kunya ɗaya babu. Yaron nan har tuwo ya daina ci.

BASHARU: Ai na faɗa mashi. Garmar hannu ba ta taɓa kwanciya a gona ba.

MALAM NAMADI: Malamin gona ya ce a huda musu hanci a sa igiya, a ƙara da bulala. Labari ya kai rugar Bawa, can bayan Masama. Ka san shi, wanda shanunsa ke kwana gonarmu da rani suna zuba taki. Ubansa ne ya ba Baffa farar saniyar nan, shekarar da munka je… ina ne ma?

BASHARU: Yaya, minti uku ne fa. Bawa.

MALAM NAMADI: Yauwa, Bawa. A garkensa anka sayi bijiman. Tun ranar ya ce sa ba jaki ba ne. Jiya da hantsi sai ga shi da sanda a kafaɗa, ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya ce ya zo tafiya da su.

BASHARU: Ya kwance su?

MALAM NAMADI: Ya karɓe bulalar ya jefa cikin geza. Ya dafa tozon kowanne, ya kira su da sunan uwayensu cikin Fillanci. Sai sunka miƙe. Ya juya zai tafi, sunka bi shi, karkiya na wuyansu. Adamu ya yi wuf ya riƙe garma ta baya.

BASHARU: Ban ji ba, ya riƙe mi?

MALAM NAMADI: Garmar! Ƙasa ta fara kifewa. Bawa ya waiga, ya ga kunyar ta karkace kamar burtali. Ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Shanuna ba su aikin banza." Ya dawo bakin gona, ya saiti giginyar gabas, ya sake shiga gaba. Basharu, ta biyu ta miƙe kamar sahun sallar Idi.

BASHARU: Ikon Allah. Ba huda, ba duka?

MALAM NAMADI: Ko ɗaya. Kafin la'asar sun ci rabin gona, yau da safe sunka ƙarasa. Malamin gona ya ciro littafi yana tambayar Bawa yana rubutawa. Ɗan boko fa, a tsugune gabansa. Adamu kuwa hannu duk kanta, ya cinye tuwo malmala uku. To, mi ma na kira in gaya maka?

BASHARU: Kar dai ka ce maganar mutanen da ka roƙa in turo.

MALAM NAMADI: Ita ce. Ka ce su zauna, an gama.

BASHARU: Yaya, tun safe sunka hau motar kasuwa. Mutum goma sha biyu, kowa da garmarsa.

MALAM NAMADI: To, su iso. Iri na nan a buhu, su yi mana shuka. Amma sai sun fara tsayawa bakin gona sun kalli kunyoyin nan, kai ma da ka biyo su da…

BASHARU: Yaya? Yaya! An katse wayar.