Kwaɗon Katako

Akuyar kakarku ta ƙarshe muka sayar a kasuwar Filinge, ita ta zama kuɗin mota. Ku zauna sosai, ba na magana da mutum yana kishingiɗe. Jiya a bakin rijiya na ji wani yana ce muku jikokin wanda ya gudu. To, Arzika bai gudu ba. Wana ne, kuma ina wurin.

Shekarar babban fari ce, hatsi ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Lokacin ban zama mushen lakwal ba, wato malamin makaranta. Muka gangara Yawuri, bakin tafkin da dam ya tara, mu da ba mu taɓa ganin ruwan da ya wuce gindin guga ba. Wani mai jirage ya ɗauke mu aiki. Oga ake ce masa, Arzika kuwa bakinsa bai taɓa iya faɗinsa ba, sai dai ya ce "Wagga".

Giwan ruwa yake kama wa otel. Ba taru, ba tana. Wani ɗan katako ne mai fenti da ƙugiya uku, a ɗaure da igiyar nailan. Shi yana ce masa "fulogi", sai ka ce na mota, mu muka sa masa kwaɗo. Da sassafe ake jefa shi gefen ciyawa, a fizga, a dakata, a fizga, yana ɓul-ɓul a saman ruwa. Sai ruwan ya tsage daga ƙasa. Har yau in guga ta faɗa rijiya, ƙarar nan nake ji.

"Oga, in babba ya kama, ya za mu yi?" na tambaye shi.

"Ku ja mana. Ku 'yan tudu komai sai an karanta muku?"

Iyakar darasin ke nan. Shekara talatin na koyar, ban taɓa ba yaro alli ban nuna masa riƙo ba. Wannan mutum ya tura mu ruwa da kalma uku.

Ran nan igiya tana yanka tafin Arzika. Na ce masa, "Naɗe ta ga hannu mana, kamar ta guga." Haka kowane ɗan ƙasarmu ta Kurfai yake yi a rijiya. Ya naɗa sau uku a wuyan hannu, yana dariya. "Ƙanena mai boko ya yi magana."

Kwaɗon ya yi ɓul sau biyu. Ruwan ya buɗe. Guga ba ta jan mutum, kifi kuwa yana ja, shi ne abin da ban tuna ba. Na ga tafin ƙafarsa, fari da faso, sannan hularsa tana juyawa ita kaɗai.

Oga ya ce, "Ba ku da takarda. 'Yan sanda suka ji, kai za su riƙe. Ka ce ya wuce Ikko."

Na dawo da buhun gero ɗaya da wannan maganar. Kakarku ta tare ni a zaure, ubanku a bayanta.

"Ina wan naka?"

"Ya wuce Ikko."

Ba ta yi takaba ba, ba a yi masa sadaka ba. Har yau in mota ta tsaya a tasha sai ta aika a dubo.

Ina so a gyara. Ran Juma'a liman ya faɗa a gaban jama'a cewa Arzika wurin neman abincin ɗiyansa ya mutu, a yi masa addu'a, wanda ya zage ku ya janye a inda ya faɗa. Amma kakarku za ta fara ji. Ku tashi ku raka ni. Sau uku na je ƙofar zaurenta da safen nan, na komo.