Babin Ƙarshen Evanthia

A tashar bas ta Nikosiya, birnin da iyaka ta raba biyu, Evanthia ta lula tunani, littafi buɗe a cinyarta. Wata tsohuwa ta zauna gefenta.

"Me kike karantawa, 'yata?"

"Sasanta ƙasashe, Kaka. Bincike nake rubutawa kan rabuwar tsibirin nan tsakaninmu da Turkawa, babin ƙarshe ya gagare ni."

"Rubuta cewa na koma garinmu Morfu, can ɓangaren Turkawa, ina zaune gindin lemon mahaifina."

"Malamina zai ce ina hujja."

"To ke, me kike so ya faru?"

Evanthia ta sunkuyar da kai. "Saurayina ɗan can ƙetaren ne, Baturke. Gidanmu ba su sani ba."

Tsohuwar ta juyo gare ta.

"Kawo shi gidana ran Lahadi. Rabona da yin Turkanci da wani tun ina budurwa."