Mai auna gona yana jira a waje

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa. Hajara ce daga Madarumfa. A yi haƙuri da rubutuna, da girma na koye shi.

Ɗana Sani yana aiki a kwamitin gwamnati mai sasanta rikicin gonaki. Shi ke zuwa ya auna iyaka, amma in manya sun zauna yanke hukunci a biro, wato ofis, sai a ce ya jira waje. Na ce, "Sani, ba su tambayarka abin da ka gano?" Ya ce, "Inna, takarda kawai suke miƙo mini in kai."

Yanzu duk wanda ya rasa gona, Sani yake zagi. Don Allah masu sauraro, haka doka ta ce? In ya roƙa a saurare shi, za a kore shi?